Bege Ko Makoki? Sharhi A Kan Fim Ɗin Meera Bisa Ma'aunin Al'adun Ƙasar Danja

Gabatarwa

Masu nazarin adabin Hausa sun daɗe da sanin irin gindin zaman da finafinan Indiya su ka samu a ƙasar Hausa tun daga shekarun 1950, lokacin da Kwarori masu gidajen silima su ka fara shigo da su. An yi rubuce-rubuce da dama a kan haka, musamman maƙalar da Brian Larkin ya buga a mujallar Africa cikin 1997, da kuma ayyukan Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero. Sai dai hankalin manazarta ya fi karkata ga soyayyar saurayi da budurwa, da rikicin auren dole, da rawa da waƙa. Akwai wata irin soyayya dabam a cikin adabin Indiyawa wadda su ke kira bhakti, watau son da mai bauta ya ke yi wa abin bautarsa, har ya ɗauke shi tamkar ubangida, ko aboki, ko ɗa, ko miji. Wannan ta ƙarshen, wadda mai bauta ke ɗaukar kansa matar abin da ya ke bauta wa, ita ce jigon fim ɗin Meera wanda Gulzar ya shirya cikin 1979.

Manufar wannan maƙala ita ce ta auna fim ɗin da ma'aunin al'adun ƙasar Danja da maƙwabtanta, watau Funtuwa da Bakori da Ƙafur da Malumfashi a kudancin Jihar Katsina. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, abin da a ke ɗauka bege ne zalla a bakin Mira, rabinsa makoki ne, kuma mamacin da a ke yi wa makokin shi ne matar da Mira ta ke a da kafin ta zama waliyyar Indiyawa. Za a yi amfani da kalmar "tsohon suna" a nan da ma'ana mai faɗi, wadda ta haɗa sunan yanka, da dangi, da matsayi, da duk abin da mutane su ka san mutum da shi kafin ya sauya. Ba a shiga batun ingancin aƙidar Hindu ba, don wannan aikin malaman tauhidi ne, kuma matsayinsu a kai sananne ne. Abin da ya shafi mai nazarin adabi shi ne yadda a ka sarrafa baƙin ciki ya zama waƙa.

Mira ta tarihi da Mira ta fim

Abin da masana tarihi su ka fi rinjaya a kai shi ne an haifi Mirabai wajen 1498 a yankin Merta na ƙasar Rajastan, cikin gidan sarautar Rathor. An aurar da ita cikin 1516 ga Bhojraj, ɗan Rana Sanga mai sarautar Mewar, wanda fadarsa ke Citor. Mijin ya mutu bayan 'yan shekaru, surukinta kuma ya sha kashi a hannun Babur a yaƙin Khanwa cikin 1527. Ruwaya ta ce dangin mijin sun yi ƙoƙarin kashe ta da guba saboda tana fita haikali tana waƙa da rawa cikin talakawa, ta bar Citor, ta ƙare rayuwarta a Dwarka wajen 1547. Littafi mafi daɗewa da ya ba da labarinta shi ne Bhaktamal na Nabhadas, wajen 1600, sa'an nan sharhin Priyadas na 1712 ya faɗaɗa labarin. John Stratton Hawley ya nuna cewa waƙoƙin da a ke jingina mata sun kai ɗaruruwa, amma waɗanda a ke iya samu a rubuce-rubucen da su ka kusanci zamaninta ba su taka kara sun karya ba. Wannan bai kamata ya ba mai nazarin Hausa mamaki ba, don ya san yadda a ke jingina wa Shehu da Nana Asma'u waƙoƙin da wasu su ka yi daga baya.

Gulzar bai bi wannan tarihi sau da ƙafa ba. Ya jawo labarin zuwa zamanin Sarki Akbar, wanda a ka haifa cikin 1542, bai kuwa hau mulki ba sai 1556, bayan rasuwar Mira a bisa lissafin da a ka fi sani. Ya kuma bar Bhojraj da rai har ƙarshen fim, ya ba Vinod Khanna wannan matsayi, ya mai da shi miji mai haƙuri wanda ke son matarsa. Hema Malini ce ta fito a matsayin Mira, Ravi Shankar ya tsara kiɗa, Vani Jairam ta rera waƙoƙin, har ta sami lambar Filmfare da ɗaya daga cikinsu. Fim ɗin bai yi kasuwa ba a Indiya, ko da ya ke masu sharhi sun yaba shi.

Daga cikin waɗannan sauye-sauye, barin mijin da rai shi ne mai nauyi. Mira ta tarihi bazawara ce, kuma bazawarar gidan sarautar Rajput a wancan ƙarni ba ta da sauran suna, wasu ma a kan ƙone su tare da gawar miji. Idan irin wannan mace ta ce tana da wani mijin da ba ya mutuwa, kowa zai gane inda ta dosa. Mira ta fim kuwa tana da miji a raye, kyakkyawa, mai tausayi, ga daula. Ke nan Gulzar ya ɗora wa kansa aikin nuna abin da ya mutu a rayuwar wannan mace, tun da ba mijin ba ne.

Kofi biyu

Amsar da ya bayar tana farkon fim ɗin. Mira tana da 'yar'uwa mai suna Kirishna, wadda ita ce a ka fara yi wa maganar aure da gidan Mewar domin a ƙulla zumunci tsakanin sarakunan Rajput a tari Akbar. Maganar auren ta jawo rikici tsakanin gidajen sarauta, sai yarinyar ta sha guba don a huta da zub da jini, a ka ɗauko Mira a ka cike gurbinta. Wannan ya yi kama ƙwarai da abin da ya sami Kirishna Kumari, 'yar sarkin Udaipur, wadda a ka shayar da guba cikin 1810 domin a kashe wutar yaƙi tsakanin sarakunan Jaipur da Jodhpur masu neman aurenta. A ƙarshen fim kuma, bayan shari'ar da babban malamin fada ya yi mata, an miƙa wa Mira nata kofin gubar ta sha. Kofi biyu ke nan, ɗaya a bakin ƙofar labari, ɗaya a ƙarshensa, duk abin da ke tsakani kuwa tafiya ce daga wancan zuwa wannan.

Sa'an nan ga batun suna. Sunan 'yar'uwar da ta mutu da sunan abin bautar da Mira ke kira mijinta ɗaya ne a rubutun boko, bambancin da ke tsakaninsu a harshen Sanskrit tsawon wasalin ƙarshe ne kawai, abin da Bahaushe ya fi kowa sanin muhimmancinsa da kuma sauƙin ɓacewarsa a rubutu. Gaskiya ne cewa a cikin waƙoƙin ta fi kiransa da wasu laƙabobi irin su Giridhar da Shyam. Duk da haka ba ya yiwuwa a ce marubuci irin Gulzar, wanda mawaƙi ne kafin ya zama mai shirya fim, ya zaɓi wannan suna da ka. Mira ta shiga gidan miji a kan gadon mamaciya, da kayan auren da ba don ita a ka tanada ba, kuma ba a ba ta ko kwana bakwai na zaman makoki ba. A rana ɗaya ta rasa 'yar'uwa, da gidan uba, da matsayinta na yarinyar da a ke bari ta yi wasa da gunkinta ba mai tsangwama. Tun tana ƙarama ta ke cewa Kirishna ne mijinta, a Merta a ka ɗauke shi yarinta, a Citor ya zama laifi. Saboda haka duk sa'ad da ta kafe a kan wannan magana a gaban surukai, tana kare aƙidarta, tana kuma riƙe da abu guda ɗaya tak da ta fito da shi daga gidansu wanda ba a iya ƙwacewa.

Indiyawa suna da kalma ga irin wannan yanayi, viraha, watau raɗaɗin rabuwa da masoyi. Waƙoƙin da a ke jingina wa Mira cike su ke da shi: mace mai ciwon da mai magani ya kasa ganewa, mai kwana tana duban hanya, wadda ta tuɓe adon sarauta ta yar da kunyar dangi. Malaman bhakti suna fassara wannan da marmarin ruhi ga mahaliccinsa. Wanda ya saurari yadda Ravi Shankar ya tsara su zai ji wani abu ƙari. Kiɗan ba shi da hayaniyar da a ka saba ji a finafinan Bombai na wancan lokaci, muryar Vani Jairam kuma siririya ce, ta kan ja ƙarshen baiti ta sauke shi ƙasa kamar mai lallashin kanta. Kunnen da ya saba da kukan amarya ba zai yi kuskuren wannan sauti ba.

Amarya da tubabbe a ƙasar Danja

Danja ƙasar noma ce, ta yi suna da rake da mazarƙwaila da tumatir da albasa, tana iyaka da ƙasar Zazzau ta kudu, hanyar kasuwancinta kuma ta fi bi ta Funtuwa, garin auduga da jirgin ƙasa. An zaɓe ta a wannan nazari ne domin a wannan yanki a ke samun mutum biyu da ke barin tsohon suna a fili, a gaban shaidu, kuma an yi sa'a masana sun rubuta bayanin kowannensu daga kusa.

Na farko ita ce amarya. A Giwa, wadda ba ta da nisa da Danja, Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo tsakanin 1949 da 1950, a ka buga shi cikin 1954. Baba ta yi bayani filla-filla a kan yadda yarinya ke gudu ta ɓuya idan za a kama ta, da yadda a ke sa mata lalle tana kuka, ƙawaye na waƙa, da yadda a ke kai ta a lulluɓe ta ƙi magana sai an sayi bakinta. Aurenta na fari ma auren zumunta ne da ba ta so, daga baya ta fita. Har yanzu a ƙauyukan wannan yanki amaryar da ba ta yi kuka ba a kan yi da ita, a ce ba ta da kunya, ko da kuwa ita ta zaɓi mijin. Masu kallon abin daga waje su kan ce kukan al'ada ne, na ganin ido. Ko da haka ne, al'adar ta san abin da ta ke yi. Yarinyar da ke fita daga gidan uba ba za ta komo a matsayin da ta fita ba. A gidan miji sunanta amarya, idan sunan ya yi daidai da na wata babba a gidan sai a sāke mata wani don alkunya, in ta haihu kuma ta zama uwar wane. Al'umma ta ware mata kwanaki, da ƙawaye, da waƙoƙi, domin ta yi wa budurcinta makoki a fili, sa'an nan a ce ya isa.

Indiyawan arewa ma suna da waƙoƙin sallamar amarya, waɗanda ke kiran uba da gidan uba, kuma tuni mawaƙan addini su ka are su. Sufayen Indiya, tun daga zamanin Amir Khusrau wanda ya rasu cikin 1325, suna kwatanta mutuwar bawan Allah da kai amarya ɗakinta, shi ya sa su ke kiran ranar tunawa da rasuwar waliyyi urs, daga kalmar Larabci mai nufin bikin aure. Kabir ma ya yi amfani da wannan siffantawa ta gidan uba da gidan surukai. Mira ta gaji wannan harshe, ta kuma juya shi: ta mai da kanta amaryar da ba a gama kai ta ba har abada, kullum tana kan hanya, don haka kwanakin kukanta ba su ƙarewa. A ƙasar Danja a kan ba amarya 'yan kwanaki. Ita Mira ta sami dabarar da ta mai da kwanakin nan rayuwa ɗungum, ba wanda ya isa ya ce mata ya isa, tun da kukan ya zama ibada.

Mutum na biyu shi ne Bamagujen da ya musulunta. Yankin Malumfashi da Ƙafur na daga cikin wuraren da Maguzawa su ka fi daɗewa, kuma a can ne Murray Last ya zauna cikinsu wajen farkon shekarun 1970. A maƙalarsa ta 1979, shekarar da Meera ya fito, a cikin littafin da Nehemia Levtzion ya tace a kan shiga Musulunci, ya nuna cewa sauya addini a wannan yanki yana tafiya da sauya sana'a da tsarin gida. Wanda ya musulunta ya kan bar babban gidan gandu inda mata ke noma a ke dafa giya, ya kama fatauci ko ya koma gari. Rangadin musuluntarwa da Sardauna ya yi tsakanin 1963 da 1965 ya ƙara wa abin sauri a Arewa, wasu Maguzawan kuma Kiristanci su ka shiga. Ko ta ina mutum ya bi, ya kan bar suna irin su Nomau ko Ranau ya ɗauki wani, ya bar tsafin gidansu, da bukukuwan da ya tashi a ciki, wani lokaci har da cin abinci kwano ɗaya da 'yan'uwansa.

A nan ne harshe ya yanke hukunci tun kafin mawaƙi ya buɗe baki. Bahaushe yana kiran shiga Musulunci tuba, wanda ya shiga kuma tubabbe. Sharaɗin tuba na farko a wurin malamai shi ne nadama, watau mutum ya yi baƙin cikin ya taɓa kasancewa abin da ya ke a da. Makoki kuwa baƙin cikin rabuwa ne da abin da a ke so. Su biyun ba su zama a tabarma ɗaya. Tubabbe yana iya jin kewar muryar kakarsa a bikin girbi, ko zaman da a ke yi a gindin rumbu, alhali bai yi shakkar sabon addininsa ko kaɗan ba, amma in ya furta sai a zarge shi da waiwaye. Ta fuskar aƙida wannan tsari yana da hujjarsa, don hadisi ya tabbatar da cewa Musulunci yana shafe abin da ya gabace shi. Ta fuskar adabi kuwa sakamakonsa shiru ne. Rubutattun waƙoƙin Hausa cike su ke da wa'azi da tuba da bege, amma ba su da wani rukuni sananne da a ka tanada wa mai kewar abin da ya bari da gangan.

Fim ɗin Masar na Rabi'atul Adawiyya, wanda Niyazi Mustafa ya shirya cikin 1963, Ummu Kulsum ta rera waƙoƙinsa, ya bi wannan tafarki na tuba. An nuna Rabi'a baiwa ce mai rawa da waƙa a majalisar mashaya, sa'an nan ta farka ta bar wannan duka. Mai kallo ba ya jin an yi asarar komai, murna ya ke yi. Tsohuwar rayuwar Mira kuwa ba ta saɓo ba ce. Gida ne, da 'yar'uwa, da miji nagari, abubuwan da kowane mai kallo a Danja zai ce alheri ne. Wannan shi ya sa labarinta ya fi na Rabi'ar fim ciwo, shi ya sa kuma ya fi wuyar karɓa. Tsohuwar da ta ga matar aure tana ƙin shimfiɗar mijinta tana cewa tana da wani miji da ba a gani, ba za ta ce waliyya ba ce, cewa za ta yi namijin dare ne ya aure ta, a nemo mai ruƙiyya, ko a da can a kira 'yan bori su yi girka. Abin lura shi ne dangin Bhojraj ma kusan haka su ka ɗauke ta.

Abin da bandiri ya ɗauka

Ba a iya maganar soyayyar bauta ta Indiya a ƙasar Hausa a tsallake bandiri. Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu cikin 1996, shi ya yaɗa kiɗan bandiri a cikin Ƙadiriyya a Kano, daga baya kuma ƙungiyoyin matasa irin su Ushaƙu Indiya su ka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya suna ɗora musu baitocin yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, kamar yadda Larkin ya bayyana a maƙalarsa ta 2004. Masu suka, musamman bayan kafa Izala a Jos cikin 1978, sun ce an ɗauko karin batsa, wani lokaci ma karin waƙar gumaka, an kai shi inda bai dace ba. Masu yi kuma su ka ce sun ƙwato karin ne daga shagala su ka mai da shi ibada.

Duka ɓangarorin biyu ba su cika kula da cewa waƙar soyayya ta finafinan Indiya ita kanta 'yar aro ce ba. Kalmominta na hauka, da ciwo, da jiran dare, da zama baiwar masoyi, daga bhakti da gazal ɗin Sufaye ta gaje su. Ke nan ɗan bandirin da ya mai da ita bege ya komar da ita ne kusa da inda ta fito, ko da ya ke zuwa wata alƙibla dabam. Kuma ya same ta da sauƙi domin bege tsohon abu ne a nan: ga Ishiriniyar Alfazazi da a ke rerawa a watan Mauludi, ga Daliyyar Shehu Usmanu, ga Imfirajin Aliyu Namangi na Zariya. Abin da bai ƙetaro ba shi ne makokin. Mai bege yana duban gaba, zuwa Madina, inda watakila bai taɓa zuwa ba, kuma begensa yana ƙara shigar da shi cikin jama'a, iyayensa da surukansa suna sa masa albarka. Bai tuɓe wani suna ba kafin ya fara. Begen Mira kuwa kowane baiti nasa sai ya ci mata wani abu, yau dangi, gobe daraja, jibi gari.

Watakila wanda ya fi kusa da halinta a wannan zamani shi ne mutumin da ya tashi a gidan ɗariƙa, ya haddace Ishiriniya a gaban mahaifinsa, sa'an nan ya girma ya gamsu cewa barinta shi ne daidai. Irin wannan mutum yana da yawa a garuruwan wannan yanki tun daga shekarun 1980. Karin yana nan a kunnensa, idan Mauludi ya zo yana jin sa ta bayan katanga. Shi ma tubabbe ne a idon sababbin abokansa, shi ma ba a tanadar masa waƙa ba.

Inda fim ɗin ya gaza

Da ya ke an yaba wa Gulzar a kan kofi biyu, wajibi ne a faɗi inda ya sassauta. Zuwan Akbar da Tansen a ɓoye domin su saurari Mira yana cikin ruwayoyin jama'a, amma a fim ɗin aikinsa kawai ya samar wa masu ƙara hujja, ya kuma ba Amjad Khan wurin fitowa. Zaman shari'ar ya fi wannan illa. A can Mira ta koma mai hujja, tana mai da martani ɗaya bayan ɗaya kamar lauya, tana kare 'yancin mace ta zaɓi abin da za ta bauta wa. Magana ce mai kyau, ta kuma dace da Indiyar shekarun 1970, amma macen da ta iya tsara hujja haka ba ita ce mai ciwon da mai magani ya kasa ganewa ba. Haka nan fuskar Hema Malini ta yi sanyi da yawa tun daga farko har ƙarshe. An so a nuna natsuwar wanda ya riga ya isa, sai a ka rufe ƙofar da mai kallo zai leƙa ya ga abin da isar ta ci. Wanda ya toshe kunne ya kalli hoton kawai zai zaci Mira ba ta rasa komai ba.

Saboda haka nauyin baƙin cikin ya koma kan Bhojraj, kuma a nan Vinod Khanna ya yi abin a yaba. Shi ne mai kallon matarsa tana nisa da shi alhali tana ɗaki ɗaya da shi, shi ne wanda ya kasa hana fada abin da ta yi niyya, ya kuma kasa bin matar inda ta tafi. Idan a ka koma ga ma'aunin ƙasar Danja, shi ne tsohon da ya rage a gidan gandu bayan 'ya'yan sun koma gari da sababbin sunaye, suna zuwa gaishe shi da ladabi, ba su cin abin da a ka yanka a gidan.

Parita Mukta, a littafinta na 1994 a kan masu rera waƙoƙin Mira a Rajastan da Gujarat, ta tarar cewa gidajen Rajput na Mewar sun daɗe suna ƙyamar sunanta, suna ɗaukarta wadda ta zub musu da mutunci, waɗanda su ka riƙe waƙoƙinta kuwa su ne masaƙa, da dukawa, da ƙananan manoma, da zawarawa. Gulzar ya san da waɗannan mutane, ga su nan a hanya suna bin ta lokacin da ta fito daga fada bayan ta sha gubar, amma bai tsaya a kan fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba. Kyamarar ta bi Mira har haikali, ta shiga, ba ta fito ba, a ka bar mai kallo da gunki da kayan kiɗanta mai tsirkiya ɗaya a yashe a ƙasa.